Wa Ya Cire Kan Batir?

Shafi na 19

Inda muka tsaya: Auta ya ba da tsohuwar motar marigayi babansa, ya yi ciko, ya karɓi mota mai lantarki a hannun dillalin nan da ake kira Ba-Matsala, don ya huta da sayen mai wajen kai Umma wankin ƙoda. Kwana tara ta yi masa lafiya a cikin gari. Ran na goma, tafiyarta ta farko zuwa asibiti, ta mutu da su a tsakiyar hanya, Umma na kwance a kujerar baya.

*

Wajen sha ɗaya na safe motar janwe ta sauke ta a bakin filin dillalin. Ko ƙara ba ta yi ba. Abin da ya fi ba Auta haushi da ita ke nan, tana da rai shiru, ta mutu ma shiru. Motar babansa in za ta ba ka kunya sai ta yi tari tukuna, ta yi gargada, ta ba ka lokacin neman inuwa.

Bai kalli ofis ba. Layin motocin ya bi da ido.

Motar Baba tana nan. Ta uku daga ƙarshe, jikin katanga. An wanke ta tas, an shafa wa tayoyin baƙin mai, har lotsawar ƙofar baya an buga ta miƙe. An rubuta farashi da farin alli a gilashin gaba, daidai inda Baba yake liƙa takardar haraji.

Ita ya zo ɗauka. Gobe ƙarfe bakwai Umma na da layi a kan injin wankin ƙoda. An riga an tsallake sau ɗaya, ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga, likita kuma ya faɗa masa a tsaye, ba tare da ya ɗago daga fayil ba, cewa kar a sake. Auta bai zo neman ban haƙuri ba. A karɓi wannan, a ba shi makullin waccan, shi ke nan.

Mutum biyu ya taho da su. Kawu, yayan Umma, makaniki na shekara talatin da ɗoriya, wanda ya duba motar kafin a saya ya ce lafiyarta ƙalau. Sai Injiniya, wata mata mai shagon gyaran batiran sola da motocin lantarki a bayan wurin caji, wadda ta yarda ta rufe shago na awa biyu saboda ita ma mahaifinta ciwon ƙoda ne ya yi ajalinsa.

Kawu bai so zuwa ba. Jiya ya ce gwiwa. Da safe ya ce akwai motar wani a kan jak. Da ya ga Auta ba zai bar ƙofar garejin ba, sai ya ce wasu abubuwan a bar wa Allah ya fi. Duk hanya a gaban janwe hularsa kawai yake gyarawa. Auta kuwa ya kama kansa yana kallon takalmin Kawu. Sabo ne. Bai san yaushe aka saye shi ba. Ya ji kunyar tunanin, ya kau da kai, ba a jima ba idon ya koma.

"Ba matsala."

Tun daga ƙofar ofis dillalin ya faɗa, kafin kowa ya buɗe baki. Gajere ne, fes da shi, farar riga ko ƙura babu, waya biyu a hannu ɗaya. Ya kalli matacciyar motar kamar yadda ake kallon ɗan maƙwabci da ya faɗi a wasa, ya girgiza kai, ya ce su shigo daga rana.

Ofishin kwantena ce aka yanka aka sa mata gilas. Tebur ɗaya, kujeru uku, fanka mai juya kai, da wani katako a bango cike da ƙusoshi, kowace ƙusa da makulli. Kawu ne farkon wanda dillalin ya ja wa kujera. Kawu ne farkon wanda ya miƙa wa ruwan sanyi.

"Babban oga. Ya gwiwar?"

Auta ya ɗago. Wa ya gaya masa zancen gwiwa?

Kawu ya ce da sauƙi, idonsa a kan robar ruwan. Bai kalli dillalin ba ko sau ɗaya. Da ya kalle shi ma da ya fi wa Auta sauƙi.

Auta bai zauna ba. A tsaye ya ba da labarin, a taƙaice, kamar mai karanta takardar wani. Sun tashi da caji cike, allon gaban direba ya nuna kilomita ɗari uku saura kaɗan. Asibiti casa'in ne. Kafin su ci arba'in lambar ta faɗo ɗari da ashirin. Suna kai sittin motar ta fara ja da baya kamar an riƙe mata riga, wata jar wuta ta kama, ta gangara gefen titi ta tsaya. Awa uku a rana. Wani direban siminti ne ya tausaya ya ɗauki Umma a gaban babbar motarsa, mutum biyu suka ɗaga ta. Kafin su isa an ba wani gadonta.

Ba-Matsala ya yi salati a hankali, ya tambayi jikin Hajiya, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya jingina ya fara tambaya. Da wace waya aka yi cajin? An cire ta kafin ta cika? An yi lodi a but? An yi gudu?

"Kun kunna sanyi?"

"Mara lafiya na ɗauko."

"To ka gani." Ya buɗe hannu. "Motar lantarki lallaɓa ta ake yi, ƙanena. Ba irin ta babanka ba ce da za ka taka ta kamar kana fushi da ita."

Auta ya ciro waya, ya buɗe hoton tallar da ya ajiye tun ranar farko, ya ajiye a kan tebur. Batir sabo dal. Kilomita ɗari uku a caji ɗaya. Ga lambar dillalin a ƙasa.

Ko kallon kirki bai yi wa wayar ba. Ya jawo aljihun tebur, ya zaro takarda ɗaya a cikin leda, ya kwantar da ita a kan wayar, ya sa yatsa a layin ƙasa. An saya bayan makanikin mai saye ya duba ya gamsu. Ga sa hannun Auta. Ga na Kawu a gefe, babba, a karkace, irin na mutumin da ya fi sabawa da sifana.

"Ni ɗan kasuwa ne, ban san cikin mota ba. Abin da aka gaya min shi nake gaya wa mutane. Shi ya sa na ce ka kai wa naka. Wuni guda tana hannunku." Ya juya ga Kawu da murmushi. "Ko na yi ƙarya, babban oga?"

Kawu ya ce bai yi ba. Muryar kamar daga ƙasan rijiya.

Duk wannan Injiniya na jingine da ƙofa tana ɓare alewa. Ta jefa a baki, ta miƙa wa Auta hannu.

"Ba ni makullin. Surutu ba ya auna batir."

Suka fita gaba ɗaya. Ta buɗe ƙofar direba, ta durƙusa, ta laluba ƙasan sitiyari ta soka wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana, ta zauna a gefen kujera da ƙaramar kwamfutarta a cinya. Rana ta buɗe sosai. Ba-Matsala ya tsaya a inuwar wata babbar mota yana danna waya, amma Auta ya lura babban yatsan ba ya motsi. Kawu ya tsaya can baya, hannu a bayansa, kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa gidan da bai sani ba.

Minti goma Injiniya ta yi tana duba allon kwamfutar.

"Sabo ne," in ji Injiniya.

Ba-Matsala ya ɗago da sauri.

"Ranar da aka ƙera shi. Yanzu kam ya girmi auren wasu."

Ta juyo da allon ta nuna musu wasu sanduna a jere, yawancinsu gajeru, wasu sun yi ja. Ta yi bayani ba tare da ta ɗaga murya ba. Babban batirin da ke shimfiɗe a ƙasan motar, a cikin ɗari hamsin da huɗu ya rage masa na ƙarfi. Ƙananan gidajen wuta goma sha ɗaya a cikinsa sun kusa mutuwa, su ne ke janyo sauran ƙasa da zarar an hau babban titi. An yi masa cajin gaggawa fiye da sau dubu biyu. Wannan ba motar wata malamar makaranta ba ce da take zuwa aiki ta dawo, kamar yadda aka gaya wa Auta. Motar haya ce, ta yi bauta har ta gode Allah.

Ba-Matsala ya ce haka aka kawo masa. Ya ce shi ma an cuce shi ke nan. Ya ce irin waɗannan na'urorin ma ai ba duka ake yarda da su ba, akwai na jabu.

Injiniya ta ce ba laifi. Za ta rubuta abin da ta gani, ta buga hatimin shagonta, ta ba Auta. Za kuma ta sa hoton allon da hoton tallar a zauren waya na masu motocin lantarki, mutum ɗari huɗu da wani abu, su auna da nasu na'urorin su gaya mata ko tata ce ta jabu.

Murmushin bai tafi ba, amma ya daina kaiwa ido.

"Hajiya, ai ba a kai nan ba. Mu koma ciki."

A ciki ya tsaya gaban katakon makullai ya daɗe, kamar bai san inda yake ba. Sannan ya miƙa hannu ya zare ɗaya. Auta ya gane shi tun kafin ya sauko, da guntuwar fatar nan da hannun Baba ya cinye har ta yi baƙi. Ba-Matsala ya ajiye shi a tsakiyar tebur, ya ɗora yatsa ɗaya a kai.

Ya ce akwai wanda zai zo ɗaukar ta ƙarfe biyu, har an gama magana. Amma ba matsala, zai ba shi haƙuri, lafiyar uwa ta fi ciniki. Sharaɗi ɗaya ne. Ba takarda, ba hoto, ba zaure. Kowa ya ɗauki motarsa, an rabu lafiya. Zancen ciko a zauna daga baya.

Ya ɗage yatsan.

Kawu ya miƙe zumbur, gwiwar ma ta manta da ciwo.

"To alhamdulillahi. Ɗauki mu tafi, Auta."

Hannun Auta ya riga ya tashi. Tsakaninsa da makullin bai fi taƙi ɗaya ba. Da Kawu ya yi shiru da ya ɗauka. Amma saurin ya yi yawa. Mutumin da tun jiya ake jan sa kamar akuya zuwa kasuwa, yanzu shi ne a bakin ƙofa har ya kama mariƙi.

Ya mayar da hannun aljihu.

"Injiniya, tambaya ɗaya."

"Ka samu abin da ka zo nema."

"Batirin da ya mutu rabi, ya aka yi ya nuna min ɗari uku?"

Ta kalle shi, ta kalli makullin, ta tauna alewar. Ta ce masa wannan ba zai kai Umma asibiti ba, ya ɗauki abinsa. Auta ya ce ya ji, amma yana so ya sani. Kwana biyu ke nan ba ya iya kallon kowa ba tare da ya auna shi ba. Ya ce an sa shi ya kwantar da uwarsa a cikin akwatin da aka san zai tsaya a daji, kuma wani ya sani. Ba zai fita daga ɗakin nan ba sai ya ji ko wane ne.

Yana maganar yana kallon Ba-Matsala. A ransa ya gama yanke hukunci, so yake kawai a faɗa a gaban Kawu, ya ga fuskar da Kawu zai yi.

Injiniya ta ja numfashi, ta buɗe kwamfutar.

Ta ce lambar da ke kan allo ba awo ba ce, ƙiyasi ne. Motar na tuna yadda batirinta ya yi a tafiye-tafiyen baya, da shi take faɗin abin da ya rage. In aka yanke mata wuta gaba ɗaya sai ta manta, ta koma faɗin lambar da aka haife ta da ita, har sai ta sake koyo. Duk wata wutar gargaɗi da ke kunne ita ma sai ta mutu. Kuma an yanke wa wannan. Ga shi a rubuce. Jar wutar batir ta kama, ba a yi nisa ba aka cire kan ƙaramin batirin da ke gaba, aka mayar.

Auta ya juya ga dillalin gaba ɗaya.

"Ashe kai ɗan kasuwa ne, ba ka san cikin mota ba."

Ba-Matsala ya daina murmushi. A karon farko tun shigowarsu ya yi kama da mai tunani da gaske.

"Yaushe?" ya tambayi Injiniya.

Ta ce motar ba ta riƙe rana ba, lambar kilomitan da ta ci ta riƙe. Ta karanto lambobi uku na ƙarshe. Wutar ta kama a ɗari huɗu da talatin. An yanke a ɗari huɗu da talatin da biyu.

Ya jawo takardar nan ta cikin leda, ya juya bayanta. Ya bi da yatsa a hankali. Auta ya ga lokacin da fuskar ta saki, kamar an kwance igiya.

"Ni dai ina da wata ɗabi'a," in ji shi. "Duk motar da za ta fita gwaji sai na rubuta lambarta, in ta dawo in sake rubutawa. Saboda masu zuwa su kai matansu unguwa da motata." Ya tura takardar gaban Auta. "Karanta da kanka, ƙanena. Kar a ce na ƙara."

Rubutun biro ne, ga kwanan wata. Ta fita da ɗari huɗu da goma sha biyu. Ta dawo da ɗari huɗu da arba'in da shida.

Auta ya karanta sau biyu. Ba ya buƙatar na uku. Ranar shi da kansa ya tuƙa ta daga nan zuwa garejin Kawu, kilomita bakwai, ya ajiye, ya ɗauki tsohuwar ya kai Umma asibiti. Sai yamma ya dawo.

Fanka ta juyo ta ɗaga gefen takardar, ta wuce.

Ba-Matsala ya miƙa hannu, ba gaggawa, ya mayar da yatsansa kan makullin.

"A hannun wa take?"

Kawu na nan a bakin ƙofa, hannunsa a kan mariƙin. Ya sake shi.

"Kawu."

"Na'am."

"Kai ne?"

Tsohon ya dawo ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Auta bai taɓa lura furfurar ta kai haka ba.

Ya ce shi ne. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Ya ce bayan tafiyar Auta ya zagaya motar sau uku bai san ta inda zai fara ba. Mota in ta zo hannunsa kunne yake fara sa mata, ya ji bugun injin, ya zaro sandar mai ya murza a yatsa, ya sa tafin hannu a bakin salansa ya shinshina. Wannan ba ta da ko ɗaya. Sai ya ce bari ya taka ta. Ya hau da ita tudun nan na bayan kamfanin katako, yana tsakiyar hawa wata jar wuta ta kama, ƙarfin ya ragu. Ya lallaɓo ya dawo gareji ya buɗe bonet.

"Ba fulogi, ba bel, ba kafireto. Wayoyi kawai masu ruwan lemo, an rubuta kar a taɓa. Sai na hango ƙaramin batir a lungu. Shi kaɗai na gane a ciki, Auta. Kamar ka sauka a garin da ba ka san kowa ba ka hango ɗan unguwarku."

Ya ɗauko sifana lamba goma, ya cire kan, ya sha shayi, ya mayar. Wuta ta mutu. Lamba ta tashi ta koma ɗari uku. Shekara talatin haka yake yi wa duk motar da ta kunna wutar banza, kuma ba wadda ta taɓa dawowa ta kai ƙararsa.

Injiniya ta rufe ido ta dafe goshi. Ta ce abin da ya fi muni, yankewar ta share duk abin da ke bayanta. In ma an taɓa yi a nan filin kafin a ba su, yanzu ba mai iya gani.

"A nan filin?" Ba-Matsala ya dafa ƙirji. "Hajiya, a yi adalci. Ni ne ma zan tambaya, wa ya sani ko cirewar da ya yi ce ta kashe min batir?"

Ta ce ƙarya ne, kuma ya san ƙarya ne, cire kan ƙaramin batir ba ya tsofar da babba. Ya ce shi bai sani ba, shi ɗan kasuwa ne. Abin da ya sani, makanikin mai saye ya ga jar wuta da idonsa, ya kashe ta da hannunsa, ya dawo ya sa hannu cewa ya gamsu. In za ta sa hoto a zaure ta sa har da wannan, da sunan garejin. Ya jawo makullin gabansa, ya rufe shi da tafin hannu.

Auta bai ko kalli makullin ba. Kawu yake kallo, da sabon takalmin.

"Nawa ya ba ka?"

Kawu ya ɗago. Bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da Auta ya ji daɗi.

"Ni kake tambaya haka?"

"Ya san da ciwon gwiwarka."

"Ranar sa hannu ya ga ina ɗingishi."

"Nawa, Kawu?"

Ba-Matsala ya yi 'yar dariya, ya ce wallahi da ya san da wannan zancen da bai sauko da makulli daga ƙusa ba tun farko. Ya ce a bar tsoho ya huta, ko ruwan da ya ba shi bai buɗe ba.

Gaskiya ne. Robar na nan a rufe. Kuma dariyar dillalin ta gaske ce, irin ta wanda ya tsinci abu a hanya. In ba kuɗi ba ne, to mene ne? Mutumin da ya koya masa riƙe sitiyari. Mutumin da ya ɗauki makarar Baba ta gaba bai yarda an karɓe shi ba har kabari.

"Ka ga jar wuta. Ka san wa zan ɗauka a ciki. Ka dube ni da yamma ka ce lafiyarta ƙalau."

"Na ce."

"Me ya hana ka gaya min?"

Kawu ya juya hular a gwiwarsa. Ya kalli Injiniya, ya kalli dillalin, ya ce wannan maganar gida ce, su je waje. Auta ya ce a nan aka fara, a nan za a gama.

"Na kira ka."

"Ba ka kira ni ba."

"Kafin in taɓa sifana na kira ka. Sau uku. Ni ma tsoro na ji, ban san wutar ba. Na ce in gaya maka ka dakata, a nemo wanda ya sani."

"Ban ga kiranka ba."

"Na ukun an ɗauka."

Auta ya buɗe baki zai ce ƙarya ne, sai ya tuna. Ranar asibiti ce. Awa huɗu ake yi a kan injin. In an jona wa Umma robobin ya kan bar mata wayarsa ta riƙa kallon hotunan jikoki, shi ya tafi layin magani.



Kawu ya ci gaba, murya ƙasa ƙasa. Ya ce Umma ce ta ɗauka, ya gaya mata komai, wutar da tudun da raguwar ƙarfin. Sannan ta tambaye shi ko abin gyarawa ne. Ya ce yana da dabarar da yake yi, amma bai san irin wannan motar ba.

"Ta ce, Yaya, yi dabararka. In wutar ta mutu, kar ka gaya masa. Ta sa na yi mata alkawari. Ta ce za ta goge kiran."

"Don me?"

"Na tambaye ta."

"Ta ce me?"

"Ta ce ranar a hanya kun tsaya gidan mai. Ka ɗauka barci take. Ta ga ka buɗe walat ka rufe, ka buɗe ka rufe. Ta ce ta san abin da ka daina ci don tankin nan ya cika."

A waje aka danna hon sau biyu. Wata farar mota ta shigo filin ta tsaya daidai layin katanga, wani mutum ya fito yana zagaya motar Baba, yana dukan taya da ƙafa.

Ba-Matsala ya duba agogo, ya ce mutumin ya yi sammako. Ya miƙe da makullin a hannu, ya gyara riga, ya ce Allah ya ba Hajiya lafiya, da gaske yake. Ya zagayo tebur.

Auta ya riga shi ƙofa. Ya tsaya a tsakiya, kafaɗa ɗaya a jikin kowane gefe. Bai san me zai yi ba. Ya dai san makullin nan ba zai wuce ta gabansa ba.

"Ƙanena, matsa."

"Batirin hamsin da huɗu ne. Kai ka rubuta sabo."

"Ku kuka ga wuta kuka saya."

Injiniya ta ce ita dai takardarta na nan, za ta rubuta duka biyun, nasa da nasu, kowa ya ɗauki rabonsa. Dillalin ya tsaya. Auta ya ga yana aunawa, yana juya guntuwar fatar a yatsa, ido ɗaya a kan mai dukan taya, ɗaya a kan kwamfutar.

Sai waya ta ɗauki ruri a aljihun Auta.

Ya ciro. Umma.

Kawu ya girgiza masa kai a hankali. Auta ya ɗauka, ya kai kunne, bai matsa daga ƙofar ba. Numfashinta ya fara ji, mai nauyi, irin na ruwan da ya taru a ƙirji.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Yaya na kusa da kai?"

"Yana nan."

Da ta sake magana muryar ba ta rawa ko kaɗan.

"To ka saurare ni. Ko sun ba ka motar babanka, kar ka kawo ta ƙofar gidan nan. Ba zan ƙara shigarta ba."